Itacen da ya Ci Idon Rufa'i

Sunana Alhaji Nata'ala, mutumin Gaya, kuma a duk Edmonton ban ga tsohon da ke hawa benen flat ɗinmu ba tare da ya dafa ƙarfe ba sai ni. Ban taɓa zama a aji ba, ko na boko ko na yaƙi da jahilci. Abin da na sani, da ƙafata na tako shi. Ina saurayi na bi motar shanu zuwa Kalaba, daga can na shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin da muke kira Fanya, wanda jikata ta ce yanzu sunansa Bioko. Na yi aikin gonar koko, na yi fawa. Da zamani ya juya wa baƙi baya aka fara kama mutane, na shige daji ni da abokina Rufa'i, muka yi watanni a ciki, na fito da raina, na fito da nasa a bayana.

Wannan labari babu wanda bai ji shi ba a masallacinmu. 'Yata Sakinatu kuwa, wadda nake zaune a wurinta, da shi ta yi wayo. Nas ce a wani asibiti a nan Landan. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Yusra, wadda ke karatun itatuwa a jami'a. Da aka fara gaya mini na yi dariya har na ƙware. Na ce yarinyar da aka haifa a garin da ake ɗaure bishiya da sanda don kada iska ta kayar da ita, ita ce za ta karanci itace?

Wata rana bayan la'asar ina zaune ina goga goro a magogina, saboda haƙoran gaba sun yi sallama da ni, sai ga Yusra ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Idonta ya yi ja.

Ta ce, "Angona, ka ɓata mini aiki."

Na ce, "Amarya, ni da ban fita ba tun azahar?"

"Tun kafin a haife ni ka ɓata shi."

Hausarta takan karye a hanya ta faɗa Turanci, sai na jira ta dawo. Abin da na tattara shi ne, malamarsu za ta kai ɗalibai tsibirin nan nawa, kuma ta zaɓe ta. Aikinsu su kewaye wani yanki na daji da igiya, su auna kaurin kowace bishiya da ke ciki, su gano irinta, sannan su hau gaba kan dutse su sake kewaye wani yankin, don a ga yadda itatuwan ke canja maƙwabta daga bakin teku zuwa ƙololuwa. Malamar tana jiran amsa kafin ta yi booking ɗin jirgi a sabon mako. In Yusra ba ta amsa ba, a ba wani gurbin. Uwarta kuma ta ce ko da wasa.

"Mummy ta ce dajin da ya ci idon Rufa'i ba zai ga 'yarta ba. Kai ka ba ta labarin. Please, ka ce mata ka ƙara gishiri."

Na ajiye magogin. Na ce, "Ni Nata'ala in ce na ƙara gishiri? Ragewa ma nake yi don kada yara su kasa barci."

Ga yadda abin ya faru, don wanda bai sani ba. Muna ɓoye a dajin, ruwa ya dame mu, muka so mu kafa bukka kusa da wani rafi. Rufa'i ya ɗaga adda ya sari wata bishiya madaidaiciya. Wani farin ruwa kamar madara ya fantsamo masa a ido. Kafin la'asar idon ya kumbura ya rufe, yana ihu ina toshe masa baki don kada a ji mu. Ni na goya shi na haura da shi tudu. Ya rayu, ya koma Gaya, ya yi jikoki, amma har ya bar duniya da ido ɗaya yake kallonta.

Na ce wa Yusra, "Ba zan yi ƙarya ba, ba kuma zan sa baki ba sai na ga abin da kika sani. Nuna mini itacen da kike karantawa."

Ta ce a jami'arsu akwai wani gidan gilashi da suke rainon itatuwan tsibirin daga iri. Za ta roƙi malamarta mu je ran Asabar. Na ce uwarki ma ta zo. Sakinatu ta ce za ta zo ne kawai don ta riƙe mini magunguna, kuma kada wanda ya ɗauka ta canja magana.

Ran Asabar muka hau jirgin ƙasan da suke kira Overground. Kafin mu fito, Sakinatu ta laluba aljihun rigata a bakin ƙofar gida, kamar yadda ta saba tun ranar da ta ƙwace 'yar wuƙata ta ce a ƙasar nan ana ɗaure mutum a kanta. Ta sami goro da magogi da carbi, ta mayar.

A cikin jirgin na ba su karatu, don wata Baturiya ma da ke gefe ta daina duba wayarta tana kallona.

Na ce, "A gonar babana a Gaya, ina iya gaya miki kowace bishiya ido rufe. Kuka, ɗorawa, kanya, tsamiya, gawo, marke, shi ke nan kin gama gari. Kowacce tana tsaye ita kaɗai da inuwarta, kina hango ta tun daga nesa. A Fanya kuwa sai ki dafa wannan, ki dafa ta kusa da ita, ki dafa ta gaba, babu wadda ta haɗa uwa da wata. Ranar da na fara shiga, rimi kaɗai na gane, na tsaya na yi masa sallama kamar na ga ɗan garinmu."

Yusra ta ce, "Har yanzu akwai rimi da yawa a ƙasa-ƙasa."

"Ban tambaye ki ba tukuna. Daji hawa-hawa ne kamar benen gidajen gwamnati na council. A ƙasa, wajen teku, gonakin koko ne a ƙarƙashin manyan itatuwan da aka bari don inuwa, ga kwakwar manja. In kika wuce gonaki sai rana ta ɓace. Itatuwa masu saiwa kamar katanga, mutum biyu su kwanta a tsakani ba a gan su ba. Igiyoyi na saukowa daga sama, wata in kika sare ta ki sha ruwa mai sanyi, wata in kika sha ki kwana kina amai. In kika ƙara hawa sai itatuwan su gajarce, su karkace, gansakuka ta lulluɓe su kamar an yafa musu bargo, hazo yana shiga baki. A nan ake samun wata mai kama da laima, ganyenta kamar gashin jimina. Can ƙololuwa kuma babu itace sai ciyawa da sanyi. A can na fara sanin sanyi, shi ya sa na Landan bai taɓa kayar da ni ba."

Sakinatu ta ce, "Baba, bara ka kwanta sati guda."

"Hutawa na yi."

Malamar ta tarye mu a ƙofar gidan gilashin. Doguwar mace ce mai gilashi a ido, sunanta Dakta Katumi, 'yar zangon Kumasi. Na ji daɗi da ta gaishe ni da Hausa, irin tasu ta Gana, wadda mace ma "shi" ake ce mata.

Ta ce, "Baaba, sannu da zuwa. Yusra ya ce kai ka zauna cikin daajin nan. Amma doka ɗaya ne a nan: a duba da ido, ba a taɓawa."

Na ce, "Hajiya Dakta, ni da na kwana a cikinsu?"

Ta ce, "Ko kai."

Muna shiga zafi ya rufe ni, mai ɗauke da danshi da warin ruɓaɓɓen ganye. Na tsaya cak. Shekaru masu yawa ban shaƙi wannan warin ba, sai na ji kamar in juya in ce wa Rufa'i ya rage sauti. Sakinatu ta cire mayafin sanyinta tana fifita da hannu.

Amma da na duba da kyau, ban ga daji ba. Yara na gani. Itatuwa ne a tukwane, jere a kan benci da ƙasa, mafi tsayinsu bai wuce ni da hannu a miƙe ba, kowanne da 'yar takarda a wuya kamar jariri a asibiti. Yusra tana bi tana kiran sunaye masu tsawo da wani harshe da ba Turanci ba, tana juya kai tana leƙa bayan ganye. Uwarta tana biye da ita, fuska a ɗaure.

Yusra ta ce, "Angona, wannan fa? Ka san ta?"

Na duba. Ganye ne kore. Na duba ta gaba, ita ma ganye ne kore.

A nan sai in yi bayani. A dajin Fanya ba a ganin ganyen babbar bishiya. Yana can sama inda birai suke, sai ka karya wuya ba ka hango shi ba. Mu da gindi muke sanin itace, da ɓawo, da kuma wurin da ya tsaya. Mutanen tsibirin da suka koya mana, in suna son sanin bishiya sai su ɗan sare ta da adda, su duba launin ciki, su shinshina, wani lokaci su ɗanɗana. Wata ciki ja kamar nama, wata rawaya kamar an zuba kurkum, wata tana warin tafarnuwa, wata ta yi hawaye. Haka na san su, kuma haka na rayu. Nuna mini ganye daidai yake da a nuna mini tafin ƙafar mutum a ce in faɗi sunansa.

Ban gaya musu haka ba a lokacin. Na ga Dakta Katumi tana kallona, na ga 'yata tana kallona, kuma ni aka kawo a matsayin wanda ya san dajin. Na ce, "Ku ci gaba, ina zuwa."

Suka yi gaba wajen masu kama da laimar nan. Na tsaya gaban wata mai kaurin hannuna, miƙaƙƙiya, ɓawonta toka-toka mai santsi. Jikina ya ba ni cewa maganin zazzaɓi ce. Akwai wata bishiya da muke ɓare ɓawonta mu dafa, ɗacinta kamar maɗaci, ita ta tashe ni sau da yawa a dajin nan. In aka sare ta farin ruwa take fitarwa. Na ce bari in tabbatar, in kira su in nuna musu abin da takarda ba ta faɗa.

Wuƙa babu. Na zaro magogin goro, na kanga shi a jikin ɓawon, na goga sau biyu. Nan take farin ruwa ya tsattsafo, ya gangaro. Na ce alhamdulillahi, ita ce. Na lakato da ɗan yatsa.

Na ɗaga murya na ce, "Sakinatu, zo ki ga abin da ya raini ubanki. Ɗaci kawai zan ji in gaya muku."

Yatsan ya kusa kai wa harshena sai na ji an cafke mini wuyan hannu. Ban ji tahowarta ba. Yusra ce, ta riƙe ni da hannu biyu ta janye hannun nesa da fuskata, har carbina ya faɗi.

"Don't! Kada ka taɓa baki, kada ka taɓa ido. Mummy, riƙe ɗaya hannun, gumi yake yi, zai share fuska."

Na ce, "Ke, sake ni. Maganin zazzaɓi ce."

"Ba ita ba ce."

Ni da sojoji ba su riƙe ni ba, sai ga jikata tana jana zuwa famfo kamar akuya. Ta sa sabulu ta wanke yatsan, ta sake wankewa, ta goge ƙarƙashin farce, ta karɓi magogin da tsumma ta jefa a bokiti. Sai da ta gama sannan ta ja ni muka koma, ta nuna wata tukunya can gefe.

Ta ce, da Hausar da ban san tana da ita ba, "Ga taka ta zazzaɓin. Dubi ganyenta, sun kewaye reshe wuri ɗaya kamar yatsun hannu. Yanzu dubi wadda ka goga. Ɗaya nan, ɗaya can, suna bin reshe bi da bi. Duka biyu suna da farin ruwa. Na wannan yana ƙona fata. In ya shiga ido, yana iya tafiya da idon."

Sakinatu ta saki hannuna a hankali.

Na ce, "A ina take fitowa?"

"Bakin rafi. Inda ƙasa ke riƙe ruwa."

Na daɗe ina kallon 'yar bishiyar nan. Ruwan yana ta gangarowa har kan ƙasar tukunyar. Yatsana ya fara zafi kaɗan-kaɗan duk da wankin.

Na ce, "Sakinatu, ga wadda ta ci idon Rufa'i."

Ta matsa kusa, ta sunkuya tana kallonta, hannayenta a baya. Tun tana 'yar ƙarama take jin labarin itacen nan, ina jin a ranta ya kai girman bene. Ga shi a tukunyar roba, bai kai kafaɗarta ba sosai.

Ni ban ɗauki wannan a matsayin kuskurena ba, kuma har gobe haka zan faɗa. A daji ba zan taɓa haɗa su ba. Ta zazzaɓi in ta girma gindinta rami-rami ne kamar an naɗe zane, waccan kuwa a cikin taɓo take tsayawa da 'yan uwanta masu son ruwa. Itace da maƙwabtansa ake gane shi. Su suka ɗebo na fadama da na tudu suka jera a benci ɗaya, babu rafi babu gangare. Ko mutanen tsibirin aka kawo sai sun rikice.

Dakta Katumi ta iso, ta ga ciwon da ke jikin bishiyar, fuskarta ta canja. Ta ce daga iri suka raine ta, kuma ita kaɗai ta tsira cikin 'yan uwanta. Ta yi wa Yusra magana da Turanci, a taƙaice, ba da wasa ba. Na ga kan yarinyar ya sunkuya. Ita ta roƙa aka shigo da ni, ita ta tsaya mini. Na gane cewa in malamar ta fusata, ba sai uwarta ta hana ta tafiya ba.

Na ce, "Hajiya Dakta, yarinyar nan ba ta san da magogi a aljihuna ba. In hukunci ne, ga ni."

Ta sa safar hannu, ta goge ruwan, ta duba ciwon da ɗan madubi. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Ba zai mutu ba. Amma Baaba, kai ka gama shiga nan."

"Na ga abin da na zo gani."

Ta juya ga Sakinatu. "Maama, ni ina can nesa ban gani ba. Shi ya gani." Ta nuna Yusra. "Daga can ya gane itacen, ya rugo."

Na zaci Sakinatu za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Tambayoyi ta shiga yi irin na ma'aikatan asibiti. Su nawa za su je, mata nawa, ina za su kwana, wa ke riƙe da akwatin magani, in wani abu ya shiga idon mutum da me za a wanke, kuma daga inda suke zuwa likita tafiyar yaya ce. Dakta Katumi tana amsawa, wani wurin ta ce akwai, wani wurin ta ce babu, ba ta ɓoye ba. Ta ce akwai 'yan tsibirin da ke shiga da su, waɗanda har yau da sara da shinshinawa suke gane manyan itatuwa, ɗalibai kuma su tattaro ganye, a haɗa biyun.

Na ce, "Kin ji ko? Aikina suke yi."

Sakinatu ta ce, "Baba, don Allah."

Muka fito ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. A jirgi Yusra ta jingina da taga tana kallon waje. Yatsana ya yi ja ya ɗan tashi, Sakinatu ta shafa masa wani abu daga jakarta ba tare da ta kalle ni ba.

Na ce, "Ni dai zan faɗi nawa, tunda an ce in sa baki. Ban rage komai daga labarin Rufa'i ba. Dajin nan yana cin ido, yana cin ƙafa, yana cin mutum ɗungurungum. Mu mun shiga ba mu san komai ba sai ƙarfin hali, shi ma ni ke da shi. Da muna da wadda za ta kama hannun Rufa'i kamar yadda aka kama nawa yau, da da ido biyu aka binne shi."

Sakinatu ta rufe jakarta.

Da za mu canja jirgi sai ta ce ba gida za mu ba, Stratford za mu. Yusra ta tambaye ta me za a yi a can. Ta ce, "Da waɗannan takalman za ki shiga taɓo?"

Muka shiga wani babban kanti na kayan masu hawan dutse. Ta sa yarinyar ta gwada takalma har kala uku, tana danna yatsan ƙafar da babban yatsanta kamar lokacin da take firamare. Ta sayi rigar ruwa. Sannan ta tambayi mai kantin gilashin kare ido, irin wanda ke rufe har gefe, ta ɗauki biyu.

Yusra ta ce, "Mummy, ɗaya ya isa."

"Ɗayan na wanda zai riƙe adda ne a kusa da ke."

A nan bakin kantin Yusra ta aika wa malamarta saƙo. Ta rungume uwarta, sannan ta juyo ta ce, "Angona, na gode."

Na ce, "Ki riƙa duba ƙasa kafin ki duba sama. In ƙafarki ta fara nutsewa, kin shiga unguwar wadda ta ci idon Rufa'i."

Yanzu tana can. Ta aiko da hoto tana tsaye a tsakanin saiwoyin wani rimi, ta zama 'yar mitsitsiya, gilashin a goshinta. Na nuna wa mutanen masallaci. Wani ya ce ashe jika ce ta ceci harshen Alhaji. Na ce masa ya je ya tambaya a wurin wa ta gaji saurin hannu.

Magogina bai dawo ba, an ce ya shiga shara da tsumman. Sakinatu ta saya mini wani a kasuwar Woolwich, amma in za mu fita a jakarta yake zama.